Ɗalibata ta tambaye ni mene ne so, na ce lokaci ya ƙure

Malam_Sabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau koke na zo da shi.

Ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata. Makon jiya na ba 'yan aji biyar aikin gida, na ce kowace ta ɗauko littafin ƙagaggen labari da ta taɓa karantawa, ta faɗi jigonsa, ta warware shi. Da na zauna duba takardun, yawancinsu bakinsu ɗaya: "Jigon wannan littafi shi ne soyayya." Alhali littattafan ba su ko yi kama da juna ba. Wani yarinya ce aka yi wa auren dole ta gudu gidan gwaggonta, wani kishiyoyi ne ke zaryar gidan boka, wani kuma ɗan talaka ne ya ɗaga ido ya hango 'yar mai kuɗi. Na ɗauki jan biro ina bi ina rubuta musu "wannan ba jigo ba ne, a sake dubawa."

Ranar da na raba takardun, wata yarinya da ko magana ba ta cika yi a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in so ba jigo ba ne, mene ne shi?" Na duba agogo na ce ta zauna, lokaci ya ƙure. Tsakani da Allah da sauran minti goma. Ni ne na ƙure.

To ga tambayata. Mene ne so ɗin nan, a bakin Bahaushe? Kuma a cikin adabi, jigo ne mai zaman kansa kamar yaƙi ko mulki ko talauci, ko kuwa tabarma ce kawai da marubuci ke shimfiɗawa ya baje hajarsa a kai? Ranar Litinin zan koma ajin, kada in shiga hannu rabbana.

Injiniya_BK:
Malam ka wahalar da kanka. So a littafi ƙarya ce, so a waje kuɗin lefe ne. A rufe zance.

Uwar_Hanan:
@Injiniya_BK wa ta yi maka wannan aika-aikar? Allah Ya ba ka haƙuri, Ya musanya maka.

Malam Sabo, ni dai na tsaya wa yaran nan. In mutum ya karanta littafi har ya yi kuka, ka tambaye shi me ya sa shi kuka ya ce maka soyayya ce, ai ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya ji ya faɗa.

Ɗalibin_Adabi:
Allah Ya gafarta Malam, ina ganin kai da yaran kowa ya riƙe gefe guda na igiya. Yadda aka koya mana, jigo shi ne saƙon da marubuci ke son isarwa, wato inda labarin ya dosa. In ka ce "soyayya" ka tsaya, ka faɗi unguwar da labarin yake ne, ba ka nuna gidan ba. Amma haka ma "yaƙi" yake, haka "mulki". Me ya sa in ɗalibi ya rubuta "jigon littafin nan jarumta ce" muke ba shi maki, in ya rubuta "soyayya" mu ja masa jan biro? Ina jin akwai raini a ciki, kuma rainin ya girme mu.

Duba tarihi. Littattafai biyar na farko da Hukumar Fassara ta Zariya ta buga bayan gasar 1933, a zamanin Rupert East, Baturen da ke jagorantar hukumar, ɗaya ne kawai aka gina a kan saurayi da budurwa, wato Jiki Magayi. Abubakar na son Zainab, mai dukiya Malam Shehu ya shigo ya aure ta, Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, ɗan da aka haifa ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin ubansa. In ka tambayi malamai jigonsa, galibi za su ce ramuwar gayya ko illar zalunci. Daidai ne. Amma ka zare son da Abubakar ke yi wa Zainab ka ga ko akwai abin da zai rage a tsaye.

Bagobiri77:
Ku dakata min. Tun ba a kai ga littafi ba, kalmomin ma kun cakuɗa su. Mu nan wajenmu so daban, ƙauna daban. So shi ne wanda ka faɗo ma mutum babu sallama, shi ya sa anka ce so gamon jini. Kana iya son goro, kana iya son doki, kana iya son yarinyar da ka gani sau guda bakin rijiya. Ƙauna kuwa sai an zauna, an ci gishirin juna, an ga halin juna an haƙura. Soyayya kuma ai kalmar da kanta ta faɗi ma'anarta, irin su gaisayya da ƙiyayya da jayayya ce, sai da mutum biyu. In kai kaɗai kaka yi, ba soyayya ba ce, wahala ce. Son maso wani, kun san sauran.

Uwar_Hanan:
Ƙoshin wahala. Mun sani Baba, wasunmu ma sun ƙoshi sun bar saura.

Ɗalibin_Adabi:
@Bagobiri77 bayanin soyayya ya yi min, amma ban yarda ba a ƙaunar abu sai mutum. Ana cewa "ba na ƙaunar hayaniya", ana cewa "don ƙaunar Allah". Bambancin nauyi ne, ba katanga ce tsakaninsu ba.

Bagobiri77:
Ɗana, ka ƙaunaci hayaniyarka. Ni abin da na iske shi na faɗi.

Almajirin_Zaure:
Bismillah. Akwai kalma guda da ba a ambata ba, kuma a ganina ita ce uwa a adabinmu: bege. Tun kafin boko ya shigo, malamanmu suna rubuta waƙoƙi da ajami, kuma kaso mai yawa begen Manzon Allah ne (SAW). Wanda ya taɓa zama inda ake karatun Ishiriniya ta Alfazazi ko Burda ta Busiri a watan Mauludi ya san abin da nake nufi. Za ka ga dattijo mai furfura yana rera baiti hawaye na bin gemunsa. Rashin barci, ramewa, kewar Madina, zargin masu zargi, duk kayan da mai littafin soyayya ke amfani da su yau suna cikin madahu tun ɗaruruwan shekaru. Don haka wanda ya ce so baƙon jigo ne a adabin Hausa bai duba da kyau ba. Abin da yake sabo shi ne a juya wannan harshe a fuskanci 'ya mace da shi, a rubuce, a kuma sayar a kasuwa.

Kuma malamai ba su ɗauki bincike a kan so abin kunya ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, babban malamin fiƙihu ne, amma ya rubuta littafi sukutum mai babi 30 a kan so da alamominsa, Ɗauƙul Hamama. A can ya nuna cewa abu ne da ke farawa da wasa ya ƙare da gaske. Alƙur'ani kuma da ya zo maganar ma'aurata a Suratur Rum, aya ta 21, kalma biyu ya haɗa, mawadda da rahama. Ina ganin nan ne maganar Baba Bagobiri ta samu gindin zama.

Injiniya_BK:
Allah gafarta Malam, to ai ka ga har yanzu ba ka ce so na sa a ƙi zaɓin iyaye ba. Littattafan nan abin da suke koya wa yara ke nan.

Almajirin_Zaure:
Injiniya, bari in ba ka ƙissa ɗaya, tana cikin Bukhari. Barira baiwa ce, da aka 'yanta ta sai ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis. Shi kuwa yana bin ta a titunan Madina yana kuka. Annabi (SAW) ya nuna wa Abbas mamakin irin son da Mugis ke mata da irin ƙin da take masa, sannan ya yi mata maganar ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce a'a, ceto yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Aka bar ta. Ban kawo wannan don in wanke kowane littafi ba, akwai waɗanda ni ma ba zan bari su kwana a gidana ba. Na kawo ne don ka ga zuciyar 'ya mace ba a yi watsi da ita ba tun asali.

Ɗan_Kurmi:
Ku masu ilimi kun yi naku, bari ɗan kasuwa ya sa baki. Na yi shekaru ina sayar da littattafan nan ina kuma ba da haya, tun ana buga su a takarda mai arha, bango da zanen hannu, littafi na ɗaya da na biyu da na uku don kada kuɗin ya yi wa mai saye nauyi.

Abin da na gani da idona: mafi yawan masu karɓar haya ba 'yan mata ba ne, matan aure ne na cikin kulle. Ba sa zuwa da kansu. Yaro za a aiko da kuɗi a ƙulle a bakin leda, da 'yar takarda an rubuta sunan littafi. Ya tura shi cikin riga ya koma. Littafi ɗaya sai ya zaga gida shida kafin ya dawo min, ya sha manja, ya sha kunu, gefen shafi duk rubutu. Wata ta rubuta "Allah Ya isa" a daidai inda uban yarinya ya karɓi sadakin tsoho. Wata ta zo ta rubuta "amin" a ƙasa da wani biro daban. Wasu kuma sai an yage shafukan ƙarshe. Da fari na zaci yara ne ke ɓarna, daga baya na gane ajiyewa ake yi, wurin da aka ɗaura auren masoyan.

To Malam Sabo, ban san jigo ba. Amma waɗanda suka rubuta "Allah Ya isa" ba labarin fure da turare suke karantawa ba.

Malam_Sabo:
@Ɗan_Kurmi wallahi wannan "amin" ɗin ta tsaya min a rai. Amma ka ga kamar maganata ka ƙarfafa. Abin da ya taɓa su zaluncin ne, auren dolen ne. Wato jigon shi ne auren dole, soyayyar tabarma.

Alƙalamin_Dare:
Malam bari in amsa a matsayina na mai rubutu, ko da yake ni ta waya ce, ban taɓa buga littafi a takarda ba. Ina sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu so su biya su shiga rukuni.

Na taɓa gwada rubuta labarin wata yarinya da ta kamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, babu saurayi babu komai, ita da uwarta da asibiti kawai. Kafin in kai shafi na goma rukuni ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Wata ta biyo ni ta gefe ta ce, "Anti, wa'azi muka zo ji?" Na ajiye. Bayan wata biyu na dawo da labarin nan dai, amma na sa mata wani ɗan makwabta da suka taso tare, wanda aka hana shi ita, shi ne kuma ya riƙa kai mata sabulu da zannuwa a asibiti lokacin da mijin ya gudu. Ranar da na makara ban saki shafi ba sai da wayata ta kusa fashewa.

Na daɗe ina cewa ai dabara na yi, na tura magani cikin ayaba. Yanzu ban tabbata ba. Don ni kaina sai da yaron nan ya shigo labarin na san wace ce yarinyar. Da can majinyaciya ce kawai. Da aka samu mai kallon ta da idon so, sai ta zama mutum, ta samu dariya, ta samu abin da take jin kunya.

Maryamu_Damagaram:
Anti Alƙalami, ban yarda da ke duka ba. Wato sai namiji ya so mace kafin ta zama mutum a labari? Uwarta da ke wanke mata tsumma dare da rana fa, wannan ba so ba ne? Laifin masu karatu ne da aka saba musu da abu guda, kamar yaron da aka saba masa da sukari.

Mu nan Damagaram littattafan Kano muka taso muna karantawa, 'yan kasuwa ke shigo da su. A lakwal Faransanci ake koya mana, Hausar boko a littattafan nan na iya ta, don haka ba raina su nake ba. Amma na gaji da attajirin saurayi mai tsada da murmushi.

Alƙalamin_Dare:
@Maryamu_Damagaram kin kama ni, ba zan yi musu ba. Sai dai ki sani ranar da na rubuta uwar ita kaɗai, ke ba ki cikin rukunin balle ki biya.

Ɗalibin_Adabi:
Maganar Maryamu ta tuna min da abu. Cikin littattafai biyar ɗin can akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowa zai ce maka jigonsa bauta da cinikin bayi. Amma uwar Umar da ta bar gida ta bi sahun ɗanta har cikin Sahara, ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa, ba ta sake ganin sa ba sai dab da ajalinta, me za a kira abin da ya ɗauke ta? In da za a tambaye ni labarin so mafi nauyi a rubutun Hausa na farko, shi zan nuna. Ba wanda ya taɓa sa shi a layin littattafan soyayya saboda babu zance a zaure.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum daga Gana. Ni tambaya gare ni, ba gyara ba. Ba fim ɗin Indiya ne ya kawo mana duk wannan ba? Iyayenmu a nan zango suna ba da labarin yadda ake cika silima a kalli Indiya, ba a jin yaren amma ana kuka. Ina jin daga nan marubuta suka ɗauko.

Uwar_Hanan:
Sun ɗauka, ba a musu. Amma ka tambayi kanka me ya sa na Indiya ya kama mu, na Amurka bai kama ba. Don a na Indiya akwai uba mai cewa a'a, akwai dangi, akwai kunya, akwai yarinyar da aka ba wanda ba ta so. Gidanmu muka gani a ciki. Kuma kafin silima, 'yan mata ba sa waƙar gaɗa a dandali suna ambaton samarinsu a sakaye? Matan aure ba sa zuba habaici a waƙar niƙa da ta daɓe? Abin yana nan, baki ne kawai ke ɗauke da shi, ba takarda ba.

Bagobiri77:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma ku lura, tatsuniyoyinmu da labaran kafuwar garuruwa aure suka sani, ba su cika tsayawa kan so ba. Bayajida ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, anka ba shi Daurama. Wa ya taɓa gaya muku ko tana son shi? Ba a tambaya ba.

Injiniya_BK:
Kuma aka zauna lafiya har aka haifi Bawo. Kun gani.

Uwar_Hanan:
Injiniya kai dai a kai kasuwa.

Bari in ba ku labarin kakata, don tun da Malam Sabo ya yi tambayar take raina. Tana da shekara goma sha huɗu aka kai ta gidan kakanmu, ba ta taɓa ganin sa ba sai a ɗaki. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "shi" take cewa, ko "mai gidan nan". Ko wani yaro mai irin sunansa ne ya shigo, sai ta kira shi "mai sunan Malam". Faɗa kuwa kullum, a kan goro, a kan akuyarta da ke cin masa takardu, a kan ya cika ba almajirai hatsi. Amma kowace asuba ta hunturu ita ke tashi ta hura kara ta ɗumama ruwa, ta zuba a butarsa ta ƙarfe, ta ajiye a bakin turaka ta koma ba ta ce uffan ba.

Bayan rasuwarsa ina kwana ɗakinta. Wata asuba, an fi wata biyu da yin arba'in, na farka na ji ƙamshin hayaƙi. Na leƙa na gan ta tsaye a tsakar gida da butar a hannu, ruwan na tururi, ta rasa inda za ta ajiye. Ta daɗe a haka. Sannan ta zo ta miƙo min ta ce in yi alwala kada ya huce.

In an ce in faɗi ma'anar so, ni butar nan nake gani.

Maryamu_Damagaram:
Allah Ya jiƙansu. Anti, kada ki ji haushina, amma ta ina kika san so ne? Wataƙila sabo ne. Wataƙila tsoro ne da ya daɗe har ya zama ɗabi'a. Yarinya 'yar sha huɗu ba ta da wata ƙofa, ta yi shekara hamsin tana ɗumama ruwa, mu jikoki mu zo mu sa wa abin suna mai daɗi don hankalinmu ya kwanta.

Uwar_Hanan:
Ban ji haushi ba ƙanwata, don ni ma na yi wannan tunanin. Na ma taɓa tambayar ta, ina budurwa lokacin, kaina cike da littattafan Ɗan Kurmi. Na ce, "Iya, wai kina son Malam kuwa?" Ta jefe ni da mafici ta ce in tashi in ba ta wuri, marar kunya. Amsar da na samu ke nan. Ki fassara yadda kika ga dama.

Ɗalibin_Adabi:
To ai nan gizo ke saƙa. Al'adar da ta hana mace kiran sunan miji, ta hana uwa kiran sunan ɗan fari ko yi masa wasa a gaban mutane, ita ce ta wayi gari ta ga littafi a hannun 'yarta, budurwa na buɗe baki tana cewa ga wanda take so. Dole a yi rigima. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma 'yar Fulani ce a ciki ta tsaya kan wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga abinsu da kuɗinsu a Kano, mata da yawa a ciki, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. Wajen 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe ko'ina. Masana suka yi ta fafatawa a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya wa littattafan. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Abin da nake so Malam Sabo ya duba: ba a ƙona tabarma. In da soyayyar shimfiɗa ce kawai, da ba ita za a riƙa nunawa da yatsa ba. Labarin talauci ko na kishi ba ya tayar wa kowa hankali. Abin da ke tayarwa shi ne yarinya ta ce "ni", ta ce zuciyarta ma tana da ƙuri'a a zancen aurenta.

Almajirin_Zaure:
A yi adalci dai. Ba duk mai suka ne ke tsoron "ni" ɗin yarinya ba. Akwai iyayen da suka buɗe littafi suka ga batsa tsagwaronta, kuma na waya na yanzu wasunsu sun fi na da muni nesa ba kusa ba. Wannan sha'awa ce aka sa mata rigar so.

Alƙalamin_Dare:
Gaskiya ne Malam, muna da su, kuma su suka fi mu ciniki. Amma akwai masu rubutu na hankali da yawa. Ka duba irin labaran da ke fitowa a gasar Hikayata ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016, ba duka ne ma na soyayya ba.

Injiniya_BK:
Ni fa har yanzu ba wanda ya amsa min zancen lefe. Akwati nawa jarumin littafi ke kaiwa? Goma sha biyu, da mukullin mota a na ƙarshe. Yarinya ta karanta wannan, kai ka zo da akwati uku na bashi, ta dube ka kamar ka zo bara.

Shugaban_Zaure:
Injiniya, zancen lefe a buɗe masa nasa shafin. A koma kan tambayar Malam.

Zango_Kumasi:
Kafin a koma, Injiniya Allah Ya kawo mai son akwati uku.

Malam_Sabo:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka har sau biyu. Jiya da dare na ɗauko takardun na sake dubawa. Ban soke jan birona ba, don har yanzu ina nan kan cewa kalma ɗaya ba ta isa jigo ba, kuma @Ɗalibin_Adabi ya sa na gane ko "jarumta" aka rubuta min ya kamata in ja. Amma "wannan ba jigo ba ne" da na rubuta kuskure ne. Da cewa na yi: son wa, ga wa, wa ya tsaya a tsakani, me ya ci musu?

Yau na shiga ajin na ce wa yarinyar ranar nan ba lokaci ne ya ƙure ba. Suka yi dariya. Na rubuta so, ƙauna, bege, sha'awa a allo na ce kowa ta bambanta su. Rabin aji suka bi Baba Bagobiri ba tare da sun san shi ba, rabi suka ce duk ɗaya ne. Ita kuwa mai tambayar ta ce in ƙara "tausayi" a layin, wai a gidansu in an ce ana tausayin mutum an gama magana. Na ƙara. Aka buga ƙararrawa, wannan karon da gaske.

Bagobiri77:
Rabin da sunka bi ni a ƙara musu maki.

Maryamu_Damagaram:
Tausayi kuma? Ni in namiji ya ce tausayina yake ji, ranar zan haɗa kayana. Malam ka tambaye ta me take nufi, ina son ji.

@Ɗan_Kurmi ko kana da sauran tsofaffin nan na haya? Akwai wani da na karanta ina ƙarama, yarinyar 'yar mai kuɗi ce ta faɗa rijiya don an hana ta talakan da take so. Na manta yadda ya ƙare.

Ɗan_Kurmi:
Na gane shi, ai an ambace shi a sama, na Gidan Dabino ne. Ina da na ɗaya da na biyu a cikin kwali a gida. Sai dai na biyun shafi huɗu na ƙarshe babu, tun yana sabo wata ta yage. In kina so a haka, ki samo direban Damagaram da ke lodi a Kano in ba shi.